Ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ina neman littafi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina tura alhazai a keken guragu a Haramin Makka. Ciwon ƙugu ya daɗe yana damuna, yana sauka ta cinyar hagu har babban yatsa, ruku'u ma da ƙyar nake yi. Hoton MRI ya nuna faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya biyu na wajen ƙugu, L4 da L5, ya turo. Likita ya ce ba sai tiyata ba, motsa jiki zan riƙa yi, amma takardar da ya ba ni da Turanci take.

Maganin rage ciwo na Ibuprofen yana ƙona min ciki. Na yi ƙaho, sauƙin bai daɗe ba. Na bi bidiyon YouTube na sunkuyawa gaba, zugin ya ƙaru.

Don Allah, wane littafi mai hotuna, na Larabci ko Hausa, ya bayyana motsin da ya dace da wannan lalura?