Me ya sa lissafin narkewar CaCO₃ (dutsen alli) a ruwa bai zo daidai da awo ba?

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Na ɗauki Ksp (lambar da ake lissafin narkewar CaCO₃ da ita) = 3.3×10⁻⁹, na yi √Ksp, na samu 5.7×10⁻⁵ mol/L, wato kusan miligiram 6 a lita. Amma littafi ya ce kusan miligiram 13. Ina na kuskure?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. Lissafinka ya ɗauka cewa CO₃²⁻ da ke fitowa daga dutsen idan ya narke zai zauna yadda yake, alhali ba ya zama. Yana fizgar H⁺ daga ruwa ya koma HCO₃⁻, sai gurbi ya buɗe, ƙarin dutsen ya narke. Ruwan yakan tsaya a pH kusan 9.9, pKa₂ kuwa (pH ɗin da CO₃²⁻ da HCO₃⁻ ke zama rabi da rabi) 10.33 ne, don haka kashi 27 cikin ɗari kacal ke saura a matsayin CO₃²⁻. Raba Ksp da 0.27 kafin ka yi √, za ka samu 1.1×10⁻⁴, kusan miligiram 11.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ƙari a kan bayanin Malam: idan ka bar kwalbar a buɗe, CO₂ na iska zai shiga, pH ya sauko wajen 8.3, narkewar ta kai kusan miligiram 50. Tafasa ruwan tukuna don CO₂ ya fita, ya huce a rufe.

Ɗalibi: Wallahi a buɗe na bar tawa. Na gode.