Ilimin bai-ɗaya na yara ne kaɗai, ko har da iyayensu?

Malamin Aji: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ajin manya da muke yi da yamma a unguwarmu ya mutu murus. Ba alli, ba littafi, alawus ɗin masu koyarwa kuwa sai dai labari. Na kai kuka ofis, wani babba ya ce min wai ilimin bai-ɗaya na yara ne, shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, shi ke nan. Wallahi ba haka dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce ba. Ta ambaci renon yara kafin firamare, da karatun manya, da koyon sana'a, da makiyaya, da mata, har da almajirai. Ta yaya yaro zai yi ƙwazo alhali iyayensa jahilai ne, ko takardar sakamakonsa ba sa iya dubawa?

Gardin Tsangaya: Dakata, Malam. Su wa kake kira jahilai? Mahaifina bai taɓa taka makarantar boko ba, amma ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma lissafin fataucinsa duk da ajami yake yi. Shi ne jahilin?

Malamin Aji: Allah gafarta Malam, ban nufi babanka ba. Sunan shirin ne haka tun zamanin Jihar Arewa, Yaƙi da Jahilci.

Gardin Tsangaya: To tun daga sunan aka yi mana rashin adalci. Ka ɗauko takardar dubu ɗaya ka karanta ajamin da ke jiki in ka iya. In ka kasa, mu ma sai mu buɗe maka aji.

Uwar Biyu: Ni dai maganar gaskiya, ranar da aka ba ni maganin yarona a asibiti na kasa karanta abin da aka rubuta, sai da na nemi ɗan maƙwabta. Na sauke Alƙur'ani tun ina budurwa, amma a ranar na ji ciwon rashin bokon. Ku kira shi duk sunan da kuka ga dama, a dawo mana da ajin.

Ɗan Sakkwato: Hajiya, ki daina ƙasƙantar da kanki. Karatun mata manya mu muka fara shi. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, malamai mata da ake kira jajis suna shiga ƙauyuka suna karantar da matan aure tun kafin Bature ya zo. UBE ɗin ma a Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da ita a 1999.

Bakano: Kullum ku sai tarihi. In aiki ake magana, Abubakar Rimi ne ya kafa hukumar ilimin manya ta Kano a 1980, har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Wane gwamna ya yi haka a lokacin?

Dattijon Sawaba: Yaro, kana ina a 1980? Wannan manufar Malam Aminu Kano ce da jam'iyyarsa ta PRP. A inuwar Malam Aminu ne Rimi ya hau mulki, daga baya ya juya masa baya. Kada a ɗauki ladan wani a ba wani.

Bakano: Baba, da girmanka, amma taɓonka na ɓangaren Malam Aminu ne ya motsa. Manufa a baki daban, sa hannu a fitar da kuɗi daban. Santsi, ɓangaren su Rimi a PRP, su ne suka yi aikin.

Dattijon Sawaba: Iyayenka ba su koya maka magana da manya ba?

Ma'aikaciyar Ilimi: Don Allah a dawo kan batu. Malamin Aji yana da gaskiya, babban nan na ofis ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Shekara taran nan su ne dokar ta sa kyauta kuma tilas. UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, tana samun kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta kashe a makarantu. Karatun manya yana da tasa hukumar ta ƙasa tun 1990, amma ita ba ta da irin wannan kaso. Nan gizo ke saƙa.

Gardin Tsangaya: Har yanzu Malamin Aji bai janye kalmar ba. Kuma makarantun almajirai da Jonathan ya gina, irin ta Gagi a 2012, alarammomi nawa aka nemi shawararsu? Ku kuke yanke mana abin da ake kira ilimi.

Ɗan Sakkwato: Ka ga, Gagi ma a Sakkwato take.

Malamin Aji: Ni alawus da alli na zo nema wa ɗalibaina. Akwai mai dabarar inda za mu kai takarda?

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: akasarinmu mun yarda cewa kuskure ne babba a kira wanda ya yi karatun allo jahili, kuma ilimi na asali yana farawa ne daga tsangaya, kamar yadda Gardi ya yi bayani mai gamsarwa. Ni kaina can na fara. Malamin Aji, muna jiran ka nemi afuwar iyayenmu. Bakano, ka ba Baba haƙuri kafin gobe, in ba haka ba zan cire ka. Maganar aji da kuɗi kuma sai wani jiƙon.