Jirgin ƙasa daga Kumasi zuwa Accra: shawarwarin da aka tattara a Aboabo

Bayan sallar isha'i aka zauna a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, kan maganar dawo da jirgin fasinja. Dattawa sun tuna cewa dogo ya iso Kumasi daga Sekondi tun 1903, na Accra kuma a 1923, amma yau ciyawa da rumfunan 'yan kasuwa sun cinye shi.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara da kaya. Kuɗin tikitin fasinja kaɗai ba ya riƙe jirgi, dakon koko da siminti ne zai biya albashi da gyara, sannan a jona taragun mutane. Wani direban tirela ya ɓata rai, amma shi ma ya yarda manyan motoci ne ke farfasa titin Nkawkaw, garin da ke kan hanyar Kumasi zuwa Accra.

Kan kuɗi aka yi zafi. Wasu suka ce bashi ya isa haka, layin Tema zuwa Mpakadan, kusan kilomita 97, da rancen Indiya aka shimfiɗa shi. Wasu suka ce titi ma ba riba yake kawowa ba, amma gwamnati na zuba masa kuɗi. A ganina na biyun sun fi hujja.

Sauran kuwa a taƙaice: a kare dogo daga masu galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ɓarayin ƙarfe, a biya diyya kafin rusau, a daina canza tsari duk bayan zaɓe. Wata Hajiya mai fataucin goro ta ce, "Malam, ni dai a ware min wurin huhuna, kuma jirgi ya tashi kan lokaci."