Wai "window" taga ce kawai, ko akwai wata ma'ana?

Mai Alminiyum:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ina haɗa windo, mai zugewa da mai buɗewa, ban taɓa zaton kalmar za ta ba ni kunya ba sai jiya. Ƙanwata ta miƙo min waya, saƙo ne daga makarantarsu, wai "registration window closes on Friday". Na ce mata ai tagar ofishin da ake miƙa takardu za su rufe, sai ta zagaya ta ƙofa. Yarinyar nan ta yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma ta ƙi faɗa min inda na kauce. Don Allah masu boko a fitar da ni.

Malamin Firamare:
Wa'alaikumus salam. Maigida, ka yi sauri ka biya mata kuɗin, daga Juma'a an rufe rajista ke nan. Bature na kiran ɗan lokacin da aka ware don wani abu da "window", tunda buɗe shi ake yi a kuma rufe. Kalmar ma aro ce a Turancin. Daga tsohon harshen mutanen Norway da maƙwabtansu ta shigo, wajen ƙarni na 13, suna cewa "vindauga", wato idon iska. Kafa ce kurum a jikin ɗaki, babu gilashi, iska ta shiga hayaƙi ya fita.

Ɗan Arsenal:
Haba oga, ba ka zuwa gidan kallo ne? Duk watan Janairu ba abin da ake ji sai "transfer window". Mu dai kasuwar 'yan wasa muke cewa.

Yar Zage-zagi:
Malam, idon iskan nan da ka faɗa ai tagar ɗakin kakata ce sak. Can sama kusa da azara, da ƙyar kan mage zai wuce, in hunturu ya kama ta cusa tsumma. Har ta rasu ba ta yarda ta kira na gilashi taga ba, wai wannan windo ne, na 'yan birni. Ni kuma wanda na fi iyawa shi ne "window shopping", in zaga Kantin Kwari in taɓa atamfa goma, in dawo da kuɗin mota kawai.

Mai Alminiyum:
Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Na tura mata kuɗin yanzu. Hajiya, in ɗakin kaka na nan, turo awo in yi masa ragi.