PCR na mgrB ya ba da layi mai tsawo fiye da kima, gurɓata ne?

Ɗalibi daga Ngaundere:
Assalamu alaikum malamai. Ƙwayar bakteriya Klebsiella pneumoniae ce da ba ta jin maganin kolistin. An yi PCR, wato gwajin ninka guntun DNA, a kan mgrB, wani jini (gene) na ƙwayar, ana sa ran layi wajen bp 250 (tsawon DNA a ƙidayar haruffa) a jel, sai ya fito kusa da 1,450. An sake, haka dai. Gurɓata ce ko firaima, ɗan guntun DNA mai nuna inda za a ninka, ta kama wani wuri?

Malama daga Garwa:
Wa alaikumussalam. Ɗana, kada ka zubar da samfurin nan. Ka cire 250 daga 1,450, saura wajen 1,200, kuma tsawon IS5, wani nau'in IS, bp 1,195 ne. Alama ce ta IS, ɗan guntun DNA mai ƙaura da ya kutsa cikin jinin ya karya shi. Ba ya ɗauke da komai sai jinin tiransfozes, inzayim ɗin da ke ɗaga shi ya dasa wani wuri, da gajerun jeri masu juyayyen tsari a bakinsa biyu.

Dalilin rashin jin maganin kuwa: MgrB, abin da jinin mgrB ke samarwa, ƙaramin furotin ne, amino asid 47, aikinsa taka wa PhoQ, wani furotin mai aika sigina, birki. Idan ya karye, PhoPQ, wato PhoQ da abokinsa PhoP, ya kunna rukunin jinin arn, su kuma su liƙa wani sukari, L-Ara4N, a kan lipid A na bangon ƙwayar. Cajin bango ya ragu, kolistin ya rasa wurin kamawa.

Ka yanke layin daga jel, ka aika Sanger, wato karanta jerin haruffan DNA, da firaima biyun, ka duba jerin a ISfinder, rumbun bayanan IS. Ka nemi 'yan haruffan da suka maimaitu a gefe biyu na wurin shigar: 4 in IS5 ne, 9 in wani nau'in ne, IS903. Wannan ne tambarin kutse na gaske.

Wani daga Injamena:
Gaskiyar Malama ce. Abin da ya fi cutar da mutane ma shi ne akasin naka, wato rashin layi ɗungurungum. Taq, inzayim ɗin PCR, tana tafiyar kusan kb 1 (bp 1,000) a minti. Wanda ya sa daƙiƙa 30 na tsawaitawa don ya ga jinin ƙarami ne, ba zai ga komai ba, sai ya rubuta cewa mgrB ya goge. A ba shi minti 2. A sa ƙwaya mai jin kolistin a rami ɗaya don kwatance.

Sannan da wace hanya aka gane ba ta jin maganin? In da faifan magani ne a kan agar, a sake. Kolistin ba ya bazuwa sosai a agar, sai an yi MIC, wato auna mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwaya girma, a ruwan renon ƙwayoyi.

Malam daga Marwa:
Ga masu shirin karanta dukan jinom: karatun na'urar Illumina na bp 150 ba ya ƙetare IS mai kwafi da yawa, manhajar haɗawa takan yanke kontig, wato jerin da ta haɗa, daidai nan, mgrB ya fito gida biyu. Manhajar ISMapper na taimakawa, Nanopore mai dogon karatu ya fi raba gardama. A kuma yi PCR na mcr-1, wani jinin da ke hana jin kolistin, domin kutsen mgrB a kuromozom yake, mcr-1 kuwa a filasmid, ƙaramin zoben DNA, yake yawo tsakanin ƙwayoyi.

Ɗalibi daga Ngaundere:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Da faifai aka yi gwajin maimakon MIC, za a sake shi kafin a aika Sanger.