Sharaɗi a JIT: kullum reshe ɗaya yake bi

Mai_Koyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ƙaramin JIT (manhajar da ke ƙera lambar na'ura nan take ta gudanar da ita) da kayan aikin ƙera lamba na LLVM a yaren C++. Abin da nake so: in x ya fi sifili a ninka shi biyu, in ba haka ba a dawo da sifili. Na gwada x da sifili ta CreateICmpSGT, na ajiye sakamakon a c, sai na rubuta `if (c)`. Ko -5 na ba shi, -10 yake dawo min. Kwana biyu ke nan ina fama.

Tsohon_Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lokuta biyu ka cakuɗa: lokacin ƙera lambar da lokacin gudanar da ita. Wannan `if` naka yana aiki ne sa'ad da ake ƙera lambar, kafin x ya samu wata ƙima. c kuwa manuni ne kawai ga umarnin gwajin, tunda ba fanko ba ne C++ zai ɗauke shi gaskiya kullum. Rassan dole su shiga cikin lambar da kake ƙerawa. Buɗe BasicBlock (wato jerin umarni masu bin juna) uku, na e, na a'a, da mahaɗa. CreateCondBr ya zaɓi hanya, kowane reshe ya ƙare da CreateBr zuwa mahaɗa, can umarnin PHI ya ɗauki ƙimar reshen da aka biyo.

Hajiya_Kwamfuta: Ni dai ga ɗan lissafi irin wannan CreateSelect, mai zaɓar ɗaya cikin ƙima biyu bisa sharaɗi, ya ishe ka, layi ɗaya. Sai dai ɓangarorin biyu duka ake lissafawa, kada ka sa rabawar da za ta iya faɗawa kan sifili.

Mai_Koyo: Ya yi, na gode Yaya! Da farko na manta CreateBr a reshen a'a, verifyFunction mai duba ingancin lamba ce ta tona min asiri.