Gidan hayar kwana a Gwarinpa: lissafin mai kula da shi ya ƙi shiga kaina

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan ta hayar kwana, wadda 'yan Abuja ke kira shotlet.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana fulat mai ɗakin kwana biyu a Gwarinpa. Ni ina Kano da yara huɗu, aikin koyarwa nake yi, ba ni da halin zarya Abuja kowane wata. A da 'yan hayar shekara ne a ciki. Da suka tashi, yayata ta ce in daina ba da shi shekara-shekara, in zuba kaya in riƙa ba da shi kwana-kwana, ya fi kawo kuɗi. Na sayar da gwal ɗina na sayi gadaje, kujeru, labule, firij da esi uku. Sai ta haɗa ni da ɗan ƙawarta, wai sana'arsa ce. Muka yi magana ta baka: kwana ɗaya naira 65,000, shi zai ɗauki kashi 20 cikin ɗari, ya cire kuɗin hidima, ya turo min saura.

Wata ukun farko ban da abin cewa. Amma watan jiya ya ce kwana 8 kawai aka kama, wato 520,000. Ya cire kamashonsa 104,000, wuta 180,000, dizal da gadi 60,000, wanki da shara 45,000, gyaran famfo 40,000. Abin da ya iso hannuna 91,000. Matar da ke fulat ɗin ƙasa, wadda muka saba tun maigidana na da rai, ta ce min kusan kullum tana jin motsi a sama, har akwai daren da kiɗa ya hana su barci.

Gidan nan rabon marayu ne, ba nawa ni kaɗai ba, shi ya sa abin ke hana ni sukuni. Kuma ina jin nauyin mahaifiyarsa, ba na son in kira ɗanta ɓarawo ba tare da hujja ba. Ta yaya zan gane gaskiya? In sallame shi ne, ko in koma hayar shekara?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ji ƙan maigida, ya raya marayu. Ni aikina ke nan, gidaje biyar nake kula da su a Jabi da Life Camp, babu nawa ko ɗaya a ciki.

Hujjar da kike nema tana cikin takardar da ya turo miki. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200. In a wannan rukunin gidanki yake, 180,000 ta sayi yunit kusan 800. A gidajen da nake riƙe da su, baƙon da ya kunna esi uku ya kwana da su, ga hita ga firij, yakan ci yunit 40 zuwa 45 a kwana. Kwana 8 ba za su kai 400 ba. To ina sauran suka tafi? Ko dai an kwana a gidan fiye da yadda aka faɗa miki, ko kuma ba a sayi wutar kuɗin da aka rubuta ba. In gidan ba Band A ba ne, lissafin ya ƙara yi masa muni, don yunit ɗin da kuɗin zai saya ya fi haka yawa. Ki ce ya turo miki rasit ɗin kowane katin wuta da ya loda, lambar mita da kwanan wata suna jiki.

Sai dai tsarin da kuka yi tun farko ne ya buɗe ƙofa. Kuɗi bai kamata su fara shiga hannunsa ba. Masu gidajen da nake yi wa aiki, baƙo asusunsu yake tura wa kai tsaye, sai na ga sun ce alat ya shigo sannan in ba da makulli. Ƙarshen wata su turo min kamashona. Ni kaina hakan ya fi min kwanciyar hankali, don ba wanda zai zarge ni. Sannan muna da kalanda ɗaya a waya da mu duka muke gani, duk wanda ya kama kwana sai a rubuta sunansa da ranar shiga da ta fita.

Kashi 20 bai yi yawa ba in mutum yana aikin da gaske. Baƙo zai kira ka ƙarfe biyun dare wai ruwa ya ɗauke, wani ya tafi da rimot, wani ya ƙona zanin gado da shisha. Kuma gaskiya ne akwai watannin da kasuwa ke mutuwa. Da azumi shiru ake yi, haka lokacin da majalisa ta tafi dogon hutunta na wajen Agusta. Disamba kuwa da bukukuwan aure, ko makon da ake rantsar da sababbin lauyoyi, har rasa inda za mu sa mutane muke yi. Don haka kwana 8 a wata abu ne mai yiwuwa. Kwana 8 da wutar 180,000 ne ba zai yiwu ba.

Hajiya ta Barnawa:

'Yar'uwa, maganar kiɗan daren nan ta fi tsaya min a rai fiye da kuɗin. Ina da irin wannan gidan a Kaduna, kuma na sha wuya kafin in gane. Wasu yaran da ke kula da irin gidajen nan sukan ba abokansu gidan su yi casu na dare ɗaya, su karɓi kuɗi a hannu, da safe a share a gyara kamar ba a yi ba. Gidan marayu ai ba wurin wannan ba ne.

Abin da na yi: na sa makulli mai lamba wanda ke nuna min a waya duk lokacin da aka buɗe ƙofa, na kuma sa kyamara ɗaya a waje tana kallon ƙofar shiga. A waje kawai fa, kada ki kuskura ki sa a ciki, haramun ne leƙen sirrin mutane, ko Airbnb, kamfanin hayar kwana na intanet, ma sun hana kyamarar cikin gida gaba ɗaya tun 2024. Ta wajen ma ina gaya wa baƙo tun kafin ya biya. Kowa sai ya turo hoton katin shaidarsa, ya ajiye 30,000 na ɓarna, in ya fita lafiya a mayar masa a ranar. Na rasa wasu kwastomomi, amma yanzu masu zuwa min iyalai ne, masu jinya da 'yan biki. Ki kuma riƙe maigadi da kyau, ki riƙa yi masa ɗan ihsani, shi ne idonki.

Malam Na-Zazzau:

Baiwar Allah, kunyar da kike ji ta mahaifiyarsa abu ne mai kyau, amma ba a nan ba. Yaron nan wakili ne da ake biya lada, kuma wakili amintacce ne matuƙar bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba, sai dai wajibi ne ya ba da bayanin abin da aka damƙa masa. Neman lissafi ba zargi ba ne. Ke ma amana ce a wuyanki, yaran za su girma su tambaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, to ina ga dukiyar marayu a hannun wani? Ku zauna da baffan yaran ko wani namiji daga danginku, a rubuta yarjejeniya: kasonsa, abin da zai iya kashewa ba tare da izininki ba, irin baƙin da ba ki yarda da su ba, da yadda za a rabu in an gaji da juna. Kada ki ambaci sata a zaman, ki tsaya kan rasit.

Maman Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baban Ummi, jiya da daddare na tambaye shi rasit ɗin wutar. Guda biyu ya turo, jimillarsu 95,000, ya ce sauran sun ɓace a tsohuwar wayarsa. Ban ce masa komai ba. Na kira baffan yara, ya ce Asabar za mu je Kaduna mu bi jirgin ƙasa daga Rigasa mu sauka Kubwa, tunda ta fi kusa da gidan, kuma ba za mu sanar da shi muna tafe ba. Hajiya, don Allah ki turo min hoton irin makullin da kika sa da nawa kika saye shi, in na samu a can sai a ɗaura shi kafin mu juyo.